Zoɓo a Ledar Ƙarin Jini

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Gwarinpa a Abuja, wani abu ya faru wanda har yau in na tuna shi sai na ji zuciyata tana tafasa. Masu bibiyata a nan kun san ni da son fina-finan ban tsoro, kuma wasunku sun sha tambayata me ya sa ba na cikin kowace ƙungiyar masoya, alhali ni ce ba na gajiya da surutun fim. To ga dalilin.

Ni dai tun ina ƙarama haka Allah ya yi ni. Mahaifiyata kan ce ba ta taɓa ganin mutum irina ba, ana tsotse jinin wani a talabijin ina zaune ina ɓare gyaɗa, amma kyankyaso ɗaya ya isa ya hau da ni kan tebur ina kiran sunan maƙwabta. Ban taɓa musa mata ba, don har yanzu haka nake.

Da na samu aiki a wani asibitin haƙori, inda nake haɗa haƙoran roba, sai wata ƙawata ta jefa ni cikin wani guruf na masu irin ciwona. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai 'yan banki, akwai nas-nas da masu bautar ƙasa, Musulmi da Kirista. Asabar ɗaya a wata muke haɗuwa bayan azahar a ɗakin taro na wani lambun shaƙatawa, a ja labule, a kunna fim a jikin bango. In an gama sai musu ya kaure. Mun taɓa ɓata yini guda a kan ko bamfaya, wato mai shan jinin nan na Turawa, zai iya rayuwa a Abuja. Wasu suka ce ranar watan Maris kaɗai ta ishe shi, wasu suka ce tafarnuwar da ke cikin yajin mai tsire ce za ta fara gamawa da shi. Kowa a cikinmu yana cika baki ba ya jin tsoron komai, musamman shugabanmu, wanda ya ce shi ko a maƙabarta aka shimfiɗa masa tabarma barci zai yi har da minshari.

A bakin ƙofar rukunin gidajenmu kuwa akwai wata maƙwabciyata, 'yar Filato, mai sayar da zoɓo. Ƙaramar kwantena gare ta da firji a ciki, sai tebur da kula a ƙarƙashin lema. Da wannan zoɓon take riƙe 'ya'yanta mata biyu a makaranta. Zoɓonta yana da kauri, citta da kanumfari sun ji, ga abarba, ba irin tsararon ruwan nan da ake yi wa kala ba. Kirista ce, amma da azumi layi ake yi a gabanta kafin magariba, kuma ban taɓa ganin ta kai kofi bakinta a gaban mai azumi ba. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce min Anti Likita. Na gaya mata ni ba likita ba ce har na gaji, na bar ta.

Da guruf ɗinmu ya cika shekara, aka ce za a yi biki, kowa ya zo da shigar masu shan jini. Ni aka ɗora wa aikin fiƙa, tunda sana'ata ce. Na zauna na yi wa kowa tasa daidai bakinsa, har ina yabon kaina. Da aka zo maganar abin sha, shugabanmu ya fito da wasu ledoji da ya sayo na wasa, sak irin ledar ƙarin jini ta asibiti, har da ɗan bututun tsotsa. Ya ce jan abu za a zuba a ciki. Ni kuma na ce ai ina da wadda ta fi kowa iya jan abu a Gwarinpa, kuma ciniki ne zai shigo mata.

Da na kai mata ledojin sai da ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce yaran Abuja ba ku da aikin yi. Ta samo mazurari ta cika su tsaf, ta jera a firji. Ranar bikin ta ɗauko kular a keke napep ta kawo mana har lambun da kanta, don kada su huce a hanya. Muka fito muka tarye ta a bakin ƙofa da rana tsaka, fuskokinmu fari fat da hoda, idanu zagaye da baƙi, leɓɓa jajaye, ga fiƙoƙi. Ni na yafa baƙin mayafi har ƙasa. Tana miƙo mana ledojin ɗaya bayan ɗaya tana dariya, mu kuma muna fizga muna tsotsa muna gurnani irin na fim. Wani daga cikin masu wucewa ya ɗaga waya ya ɗauka, ba wanda ya kula.

Ranar Litinin ina wurin aiki saƙo ya shigo daga mahaifiyata, wadda ke can gida, nesa da Abuja. Bidiyo ne, da saƙon murya a ƙasansa. Mahaifiyata ta rubuta cewa in kula da kaina, in riƙa azkar, masu shan jini sun shigo unguwarmu. Na buɗe, sai ga ni da baƙin mayafina ina tsotsar leda. Uwar da ta haife ni ba ta gane ni ba. Na yi dariya sosai, ba zan ɓoye muku ba, har abokin aikina ya leƙo.

Sai da na saurari saƙon muryar dariyar ta tsaya. Wani mutum ne da murya irin ta masu wa'azi, yana rantsuwa cewa matar nan da kuke gani ita ke kai wa 'yan ƙungiyar asiri jinin mutane, zoɓon kuma rufa-ido ne, har a cikin na sayarwar tana ɗigawa. Ya faɗi sunan layinmu, ya faɗi kalar lemarta, ya ce duk mai tsoron Allah ya tura wa na kusa da shi. Na sake kallon bidiyon. Mu duka hoda da baƙi sun rufe mu, ko ni sai da mayafi na gane kaina. Fuska ɗaya ce tak a fili a cikin bidiyon nan, ita ce ta Mama.

Na kira mahaifiyata na ce, “Umma, mai baƙin mayafin nan ni ce.”

Na shirya shan faɗa, amma da ta buɗe baki sai ta ce, “Ke ce? To ita baiwar Allahn nan fa, wa ya rufe mata tata fuskar?”

Kafin in tashi daga aiki bidiyon ya hau shafin labaran unguwa, wanda kusan kowane gida a yankinmu ke bi don jin labarin wuta da ruwa da ɓarayin batir. Da na iso bakin ƙofa da la'asar na tarar da kular Mama a kife a titi. Wasu 'yan acaɓa ne suka yi ƙwallo da ita, robobin suka fashe, jan ruwa ya malale har kwata. Mutane sun yi cirko-cirko daga nesa suna ɗaukar wannan ma a waya, wai ga shaida. Mutanen da suka sha wannan zoɓon shekara da shekaru, waɗanda suka buɗe baki da shi, su ne ke toshe hanci suna cewa dama suna jin wani ƙarni-ƙarni. Ita kuma ta kulle kanta a cikin kwantenar, a wannan zafin. Da na buga na ce ni ce, ta buɗe kaɗan, ta tambaye ni ko na ga 'ya'yanta a hanya, don an ce mata a makaranta ma yara sun ƙi zama kusa da su.

A tsaye a wurin na rubuta a guruf ɗinmu. Na ce abu mai sauƙi ne, mu haɗu gobe da fuskokinmu a wanke, mu riƙe fiƙoƙin da ledojin, mu yi bidiyo mu ce mu ne, wasa ne, zoɓo ne. Na ɗauka kafin in ajiye waya za a cika ni da amsa.

Amsar ta zo, amma ba irin wadda na zata ba. Wani ma'aikacin gwamnati a cikinmu ya biyo ni ta gefe ya ce, “Sista, wallahi na ji tausayin ta, amma kin san oga na. In ya ga fuska na a wannan abu, promotion ɗina ya tafi.” Wata ta ce an kusa kawo kayan aurenta, dangin mijin kuma ba su da wasa. Wata 'yar banki ta ce su a wurinsu ko hoto ba a so ka yi ba izini. Wani ya ba ni shawarar in yi haƙuri, 'yan Najeriya mantuwa gare su, nan da sati wani labarin zai danne wannan. Ƙawata da ta shigar da ni guruf ɗin ta daina ɗaga wayata. Shugabanmu kuwa, mai barci a maƙabarta, ya goge duk hotunan bikin, ya canza wa guruf ɗin suna ya koma wai dandalin masu karatun littafi, sannan ya roƙi kowa da kada a ambaci sunansa. Bayan haka sai na ga ana ta ficewa ɗaya bayan ɗaya.

Ban taɓa jin haushin mutane irin na ranar ba. Waɗannan fa su ne ke zagin jaruman fim in suka gudu suka bar abokinsu a hannun dodo. Su ne ke ihu a ɗakin taro suna cewa da ni ne da na koma na ɗauko shi. Ga shi ba dodo, ba duhu, ba a ce su yi faɗa da kowa ba, fuska kawai aka ce su nuna.

Washegari na nemi mai shafin labaran. Ba ɓoyayye ba ne, shagon sayar da kayan waya gare shi a bayan layinmu, kuma ni da idona na sha ganin robar zoɓon Mama a kan kantarsa. Na nuna masa fiƙar, na nuna masa ledar, na ce ya sauke bidiyon. Ya gyara zama ya ce shi ma turo masa aka yi, kuma shi aikinsa faɗakar da al'umma, in ma ba gaskiya ba ne Allah ya ga niyyarsa. Na tambaye shi tsakanin shagonsa da kwantenarta akwai kogi ne da ba zai iya takawa ya tambaye ta ba. Ya ce in daina ɗaga masa murya a gaban kwastomomi. Ya ƙara da cewa ba zai sauke ba, don bai taɓa saka abin da mutane suka kalla kamar wannan ba, amma in na kawo nawa bidiyon zai taimaka ya saka a matsayin ɓangare na biyu. Taimaka fa ya ce. Na juya na fito daga shagon.

Ana cikin haka aka sanar da taron mazauna rukunin gidajenmu ranar Asabar da la'asar, kuma kowa ya san abin da za a tattauna, wato a ɗauke kwantenar Mama daga bakin ƙofa. Ranar Juma'a sai ga mahaifiyata ta sauka da 'yar jakarta, ba ta ko gaya min tana hanya ba. Ta ce tunda ita ma ta tura wa mutane, da ƙafarta za ta zo ta gyara. Ta yi min faɗan da ta ajiye, mai kyau kuwa, har da cewa mace da aikinta da hankalinta ta rasa abin yi sai haƙoran kare. Da ta gama ta ce in kai ta wurin matar. Suka shige cikin kwantenar su biyu, suka bar ni a waje kamar mai gadi. Da suka fito mahaifiyata ta ce Mama ta yarda za ta dafa tukunya ɗaya.

Ranar taron an jera kujerun roba a ƙarƙashin bishiya, shugaban mazauna, wani dattijo ɗan fansho, yana ta jan magana a kan tsaro da tarbiyyar yara. Mama tana zaune can gefe ita kaɗai, kujerun da ke kusa da ita duk babu kowa. Da aka ba da damar magana na miƙe, duk da cewa ni gara a kulle ni da fim ɗin aljanu da a ce in yi magana a gaban taro. Na yafa baƙin mayafin, na zaro fiƙar daga jaka na ɗora a bakina, na ce su dube ni da kyau, ni ce 'yar gida kaza, mai aiki a asibitin haƙori, ni ce a bidiyon. Da fiƙa a baki magana ba ta fita daidai, yawu sai zuba yake, wata yarinya ta fashe da kuka, wasu matan suka ja baya suna salati. Na ga alamar ina ƙara ɓata lamarin ne.

Sai mahaifiyata ta tashi da hijabinta har ƙasa da carbinta a hannu. Ta je ta buɗe kular da ke gaban Mama, ta ɗauko leda ɗaya irin ta ƙarin jinin nan, cike da zoɓo, ta ɗaga ta sama kowa ya gani. Ta yi bisimilla da ƙarfi, ta kafa baki ta shanye tas. Ta goge baki ta dubi Mama ta ce, “Citta ta ji, sai dai sukarin ya ɗan yi min yawa.” Sannan ta juyo ga taron ta ce ita ma ta tura bidiyon nan, ta ci naman baiwar Allahn nan ba ta san ta ba, kuma ta nemi gafararta. Ta ce saura waɗanda suka san ta.

Aka yi dariya, irin dariyar da mutum ke yi in kunya ta kama shi. Shugaban mazauna ya ce ai shi dama tun farko bai yarda da maganar ba. Wani ya ce shi ma haka. Kafin a tashi sai ka rantse babu wanda ya taɓa yarda a duk unguwar, bidiyon ne ya riƙa tura kansa da kansa. Aka ce kwantena ta zauna. Amma ban ga mutum ɗaya da ya taka ya je gabanta ya ce ta yi haƙuri ba, kuma ledojin da suka rage a kular ni da mahaifiyata muka kwashe su zuwa gida.

Na ɗauka an gama, ashe ban san mutane ba. Mai shafin ya saka bidiyon taron kamar yadda ya yi alkawari, ya bar na farkon a inda yake, kuma waɗanda suka kalli na biyun ba su taka kara sun karya ba. Mama ta ci gaba da fitowa kullum, ta kafa lema, ta jera robobi. Mutane su gaishe ta faram-faram su wuce su sayi lemon kwalba a gaba. Wata maƙwabciyarmu ta ce min ta san zoɓo ne, amma in ta ɗaga robar sai bidiyon ya faɗo mata a rai. Wata kuma ta ce ai ba a shaidar mutum a wannan zamanin. Na sayi zoɓo a watannin nan har firjina ya ƙi rufuwa, na kai wurin aiki, na raba wa masu gadi, amma cikin mutum ɗaya ba ya riƙe sana'a. Azumi ya zo, ba layi a gabanta. Bayan salla na dawo daga aiki na tarar an ɗauke kwantenar, sai shatinta a ƙasa. Ashe ta koma garin Karshi wurin ƙaninta.

Na daɗe kafin in iya zuwa. Da na je, ranar kasuwa ce, na same ta a bakin hanya da sabuwar kula, tana sayar da kunun aya da kunun gyaɗa. Ta rungume ni, ta tambayi Hajiya, wato mahaifiyata, ta ce yaran suna makaranta a nan, ba wanda ya san komai. Muka yi ta hira, har na saki jiki na ce ta ba ni zoɓo mai sanyi, na yi kewarsa. Ta ce ba ta yi. Ko a gida ba ta dafawa, in yaran suna so sai dai su saya a waje. Na fara ce mata ai magana ta wuce, kowa ya san gaskiya yanzu.

Ta dube ni ba tare da fushi ba ta ce, “Anti Likita, ku kun wanke fuska, ya fita. Ni da wane ruwa zan wanke nawa?”

Na sha kunun aya, na biya, ta ƙi karɓa, na hau mota na dawo.

Har yau ina kallon fina-finaina, kuma ba na jin na yi laifi don na sa haƙoran roba na sha zoɓo da rana tsaka. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda mutum zai ce yana tsoron Allah, sannan ya danna waya ya rushe sana'ar maƙwabciyarsa ba tare da ya taka ya tambaye ta ba. Sai kuma jaruman nan namu. Shugabanmu na gan shi kwanaki a wani biki, ya yi ƙiba, ya zo da fara'a yana tambayata ko har yanzu ina yin fiƙa, wai sun buɗe sabon guruf. Na ce masa ina yi, amma sai ga masu fuska. Bai gane ba, ko kuma ya yi kamar bai gane ba, ni dai na ɗauki jakata na canza tebur.

Bidiyon kuma bai mutu ba. Duk bayan wani lokaci sai ya dawo, an sa masa sabon saƙon murya da sunan wani gari. An ce a Kaduna ne, an ce a Lafiya ne, wanda ya zo min a watan jiya cewa aka yi a wata ƙasa ce ma. Mu dai har yanzu ba mai gane mu. Ita kuma tana nan a tsakiya da zanen atamfarta, tana miƙa leda tana dariya, don a ranar murna take ta samu ciniki. Duk guruf ɗin da na gan shi, na dangi ne ko na wurin aiki, amsa ɗaya nake rubutawa, kuma ba zan daina ba: zoɓo ne, matar nan ba ta yi wa kowa komai ba, mai neman wanda zai zaga ya zo gare ni, ni ce mai baƙin mayafin.